DARASI: KAMA DA WANE BA TA WANE, YADDA AKE RARRABE CIYAYIN DA MUKE SAYA WA DABBOBINMU

'Yan'uwa fatake, dillalai da masu kiwon turke na Ajame da Tireshbil da sauran unguwannin Abijan. Darasinmu na wannan fitowa a kan ciyawa yake. Wani zai ce, haba, ciyawa kuma har sai an yi mana darasi a kanta? To, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe.

Dukkanmu mun san yadda kayanmu ke isowa garin nan. Sa ko rago ya taso daga Mali ko Burkina ko Nijar, ya yi kwana da kwanaki a tsaye cikin mota, ko cikin taragon jirgin ƙasa a kan layin nan mai tsawon fiye da kilomita 1,100 daga Wagadugu zuwa Abijan. Yana sauka cikinsa babu komai, ƙafafunsa na rawa, duk abin da aka zuba masa zai afka masa ba tare da ya zaɓa ba. A daji dabba ita ke zaɓar abincinta, ta shinshina ta wuce abin da ba ta so. A turke kuwa mu ne idonta, mu ne hancinta. Ko a Por-Buwe inda kara ta daɗe, ko a filin Ajame inda hukumar birni ta mayar da ita a shekarar 2024, ko a tsakar gida a Tireshbil inda ake turke ragon layya, babu makiyaya. Abin da yaron ciyawa ya turo a baro shi ne abincin dukiyarmu.

Matsalar ita ce ilimin ciyawa da muka taso da shi na tudu ne. A Maraɗi ruwan shekara yana kewayen milimita 500, a nan kuwa ya haura 1,500, kuma damina biyu ake yi: babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama a Oktoba da Nuwamba. Ciyayin da ke fitowa a nan dangin na gida ne, suna kama da su ƙwarai, amma da yawa ba su ba ne. Mai yankan kuma sau da yawa ba Bahaushe ba ne. Ka tambaye shi ko gamba ce, ya ce i, don ya ga sunan da kake so ke nan. Saboda haka kada mu sayi dami da suna, kada kuma mu saye shi da korensa. Ganye yana ruɗi. Akwai wuraren da ba sa ruɗi, su za mu koya.

WURARE HUƊU DA AKE DUBAWA

Yadda ba ma sayen sa sai mun buɗe bakinsa mun duba haƙori, mun taɓa tozo da gindin wutsiya, haka ciyawa take da wuraren dubawa.

Na ɗaya, gindi. Shin ta taso a dunƙule da kara masu yawa daga tushe ɗaya, ko kara ɗaya ko biyu ne? Tana rarrafe a ƙasa tana kafa saiwa a kowace gaɓa? Tana da saiwoyin dogara a saman ƙasa irin na dawa da masara?

Na biyu, wuya. Kowane ganyen ciyawa kashi biyu ne: kube, wato ɓangaren da ya naɗe kara kamar gidan wuƙa, da kuma ruwan ganyen da ya baje. Inda suka haɗu shi muke kira wuya. Ka ja ganyen baya kaɗan, za ka ga wani ɗan abu a ciki yana manne da kara. Mu kira shi harshe. A wata ciyawar fata ce siririya kamar ɓawon albasa, a wata layin gashi ne kamar gashin ido, a wata kuma babu shi sam.

Na uku, kai. Ko a baje yake da rassa kamar na dawa, ko a dunƙule kamar zangarniyar gero, ko kuwa yatsu ne kamar ƙafar tsuntsu. A duba kuma ko 'ya'yan suna da gemu, wato ɗan tsinken nan da ke fitowa a bakin ƙwaya.

Na huɗu, hannu da hanci. Shafa kuben ka ji ko yana da ƙaiƙayi. Murje ganyen ka shinshina.

Wanda ya riƙe waɗannan huɗu, ko bai san sunan ciyawa ba zai san danginta.

MANYA HUƊU MASU FAƊIN GANYE

A nan za mu fi daɗewa, don a nan asara take. Akwai manyan ciyayi huɗu da ke fitowa a bakin hanya da kangon fili da gefen gonaki, daga Abobo zuwa Anyama, daga Yopugon zuwa hanyar Dabu. Kafin su fitar da kai, idan an yanka an ɗaure, sai wanda ya lura zai raba su.

1. Ciyawar Gine. Ita ce uwar ciyayin garin nan, ita ta fi yawa a dami, kuma ita ce wadda muke so. Masana sun daɗe suna kiranta Panicum maximum, sunan da likitan dabbobi zai gane nan take. Tana tasowa a dunƙule, tushe ɗaya kara barkatai, kuma tana shekara da shekaru a wuri ɗaya. Ganyenta dogo ne, faɗinsa bai cika wuce yatsu biyu ba. Sau da yawa akwai ɗan gashi mai laushi a gaɓoɓinta. Kanta a baje yake kamar tsintsiyar da aka warware, rassan ƙasa sun fito a zagaye daga wuri ɗaya. 'Ya'yanta ƙanana ne ƙwarai, ba su wuce ƙwayar gero ba, kore ko da ɗan shuɗi-shuɗi, kuma ba su da gemu. Wannan rashin gemu a riƙe shi da kyau.

Kada mu raina ta don tana fitowa a bakin kwalta. A nan kusa da mu, a Adiyopodume kan hanyar Dabu, masanan cibiyar ORSTOM sun yi shekaru suna aiki a kanta. Sun je Kenya da Tanzaniya a 1967 da 1969 sun tattaro irinta iri-iri. A 1982 aka ba Barazil wannan tarin, daga cikinsa suka fitar da irin da suka sa wa suna Tanzaniya a 1990 da Mombasa a 1993, waɗanda suka kiwata shanu bila adadin a can.

2. Ciyawar giwa. 'Yar'uwar gero ce ta jini, har ana iya haɗa su aure su ba da iri. Karanta kamar na rake, takan wuce tsayin mutum biyu a wuri mai damshi. Ganyenta ya fi na Gine faɗi da kaushi, gefensa kamar zarto, jijiyar tsakiya fara ce fat. Babbar shaidarta tana wuya: harshenta layin gashi ne zalla, babu fata. Kanta a dunƙule yake kamar zangarniyar gero mai gashi, ruwan ƙasa-ƙasa ko rawaya. Tana da kyau idan ba ta wuce ƙirjin mutum ba. Idan ta tsufa, kuɗin kara ka biya, sai an sassare ta ƙanana kafin dabba ta ci rabinta.

3. Gyazama. Wannan ba sai an yi dogon bayani ba ga wanda ya taɓa noma. Shafa kubenta kawai: gashinta tsinke ne, yana shiga fata yana karyewa, hannu ya kwana yana ƙaiƙayi. Tana da saiwoyin dogara a gindi, shekara ɗaya take yi ta mutu. Kanta siriri ne mulmulalle kamar wutsiyar ɓera, idan ya nuna sai ya kakkarye gaɓa-gaɓa. Shanu suna cinta tana ƙarama, amma da ta girma gashin nan yana damun bakinsu, su ture ta gefe. Yaron da ya zo da hannu duk ja yana susa, duba daminsa, akwai gyazama a ciki.

4. Dawar rafi. Wasu suna ce mata dawar daji. Masana suna kiranta Sorghum arundinaceum, kuma daga irinta ne kakannin kakanni suka fitar da dawar da muke nomawa. Saboda haka duk kamannin dawa tana da su: kara mai kauri da ɓargo a ciki, ba su cika yawa a tushe ɗaya ba, ganye mai faɗi mai santsi, jijiyar tsakiya fara mai faɗi, farin gari kamar alli a kan kube wanda ke gogewa da yatsa, sau da yawa kuma da ɗige-ɗigen ja a ganye irin na karan dawa. Harshenta fata ce. Kanta a baje yake, shi ya sa daga nesa ake ɗaukarta Gine. Amma matso kusa: 'ya'yanta sun ninka na Gine girma, dogaye ne masu gashi, suna yin ja ko ruwan ƙasa idan sun nuna, kuma galibi suna da gemu a lanƙwashe.

A lura, giwa da gyazama da dawar rafi duk suna da farar jijiya a tsakiyar ganye. Don haka farar jijiya kaɗai ba ta isa shaida ba. Idan ka ganta, je ka wuya da kube: gashi a harshe giwa ce, ƙaiƙayi a kube gyazama ce, santsi da farin gari dawar rafi ce.

GUBAR DAWAR RAFI

Duk wanda ya tashi a karkara ya san ba a barin dabba ta shiga gyauron dawa. Iyayenmu sun san yana kashewa tun kafin a zo da bayanin likita. To, abin da ke cikin gyauro shi ne ke cikin dawar rafi. Akwai wani sinadari a ɗanyen ganyen wanda idan an tauna shi ya isa tumbi sai ya saki gubar da likitoci ke kira sayanaid. Wannan guba tana hana naman jiki amfani da iskar da jini ya kawo masa. Dabba tana numfashi amma kamar an shaƙe ta.

Gubar ta fi yawa a lokuta uku: idan tsiron bai kai gwiwa zuwa cinyar mutum ba, idan toho ne da ya sake fitowa bayan an yanke, da kuma idan ya sha fari ya yi yaushi sannan ruwa ya sauka. Ku duba yadda wannan ya dace da halin garin nan. Masu yanka suna komawa fili ɗaya bayan 'yan makonni, ke nan toho suke yankowa, kuma toho ba shi da kai balle a gane shi daga nesa. Ga shi kore shar, mai taushi, irin wanda mai saye ke cewa a ba shi. Sannan a zuba wa san da ya yi kwanaki bai ci ba, ya cika tumbi a zama ɗaya.

Alamominta ba sa jinkiri. Cikin minti kaɗan zuwa sa'a ɗaya ko biyu za ka ga dabba tana haki, yawu na dalala, jiki na karkarwa, tana tangaɗi, sai ta faɗi tana shure-shure. Idan an yanka, jinin yakan fito ja wur mai haske fiye da yadda aka saba. Da zarar an ga haka a dabba ɗaya, abu na farko a kwashe ciyawar daga gaban sauran, kafin ma a tsaya kan wadda ta faɗi. Na biyu a kira likitan dabbobi a gaya masa ana zargin dawar rafi, don ya taho da allurar da ta dace. Akwai magani, sodiyam tayosalfet, wanda ake yi ta jijiya, amma sai an yi sauri, kuma aikin likita ne. Kada a ɓata lokaci wajen ɗura man gyaɗa ko kanwa, wannan ba kumburin ciki ba ne. A kuma ajiye ragowar damin don a duba.

Rigakafin mai sauƙi ne. Idan aka shanya ta ta bushe ƙarau, mafi yawan gubar tana fita. Amma yaushi na rabin yini ba bushewa ba ne, a lokacin ma ta fi haɗari. Duk damin da muka yi shakka a kansa, a baza shi a rana sai ya bushe sarai, sannan a gauraya da wani abincin.

GAMBA DA MASU KAMA DA ITA

Gamba ciyawar tudu ce. Ba ta cika samuwa a nan bakin teku ba, sai an haura wajen Buwake, Katiyola, Ferke zuwa iyaka. Amma tana iso mu a bushe a saman mota, kuma masu rakiyar dabbobi suna sayenta a hanya, don haka dole mu san ta da 'yan'uwanta biyu.

Gamba tana tasowa a babban dunƙule. Ganyenta yana da gashi mai laushi, musamman sabon toho, da farar jijiya. Shaidarta ita ce ganyen yana tsukewa wajen wuya har ya zama kusan jijiyar ce kaɗai ta rage, kamar mariƙin cokali. Kanta yatsu biyu-biyu ne a buɗe kamar baki biyu na majaujawar yara, masu farin gashi da gemu. Ba ta da wani ƙamshi.

Tsaure a tsaye kamar gamba yake, tsayi ɗaya, wuri ɗaya. Amma wuyansa kishiyar nata ne: gindin ganyen faɗi yake yi har ya rungume kara. Ganyen ba gashi, yana da santsi da ɗan fari-fari. Murje shi ka shinshina, ƙamshi mai ƙarfi zai bugi hancinka, ko ya bushe. Dangin nobe ne da ciyawar shayin nan mai ƙamshin lemo da ake sayarwa a kasuwar Ajame. Wannan man ƙamshin ne ke sa shanu ƙinsa sai in yunwa ta kai musu ko'ina. Yana da amfaninsa wajen magani da jinka, amma wanda ya biya kuɗin gamba aka ba shi tsaure ya sayi shimfiɗa.

Yama kuwa ana gane ta da kai: gashinsa ja ne kamar tsatsa, gemunsa dogo a murɗe. Ganyenta ya fi na gamba siranta. Tana ƙarama abinci ce mai kyau, amma tana saurin tsufa, da ta yi kai ta zama ta rufin ɗaki.

Ita ma gamba ta yi tafiya. Daga Shika kusa da Zariya aka ɗauki irin da aka fitar wa makiyayan Kolombiya da Barazil a 1980. A Ostareliya har yau da sunanta na Hausa suke kiranta, sai dai a can ta fi ƙarfinsu, tana haddasa gobarar daji mai tsanani, har suka sa ta cikin jerin miyagun ciyayi na ƙasa a 2012. Abincin wani gubar wani.

KYASUWA BIYU DA TOFA

Kyasuwa iri biyu ce, kuma suna ɗaya muke kiransu. Ta gida, wadda muke yin ingirici da ita bayan damina, shekara ɗaya take yi, tana da rassa da ganye mai yawa mai taushi. Ɗayar ta fi son ƙasa mai ruwa, ita aka fi gani a kudu, takan fi tsayi, kuma takan shekara a tushenta. Ga yadda ake raba su. Cire ɗan ƙunshi ɗaya daga kan. Na ta gida kamar ƙullin auduga yake, cike da gashi mai laushi, idan ka buɗe shi sau da yawa za ka tarar da 'ya'ya biyu ko uku ko fiye, aƙalla ɗaya yana tsaye a kan 'yar ƙafa. Na ta kudu ɗa ɗaya ne tak, a zaune ba ƙafa, gashin bai kai wancan yawa ba, zangarniyar kuma ta fi siranta da tsawo. Dukansu dabba na ci kafin su yi kai. Bayan kai, ta kudu kara ce kawai, kada a biya ta kuɗin ta gida.

Tofa ma tana da farin kai mai laushi, amma ba danginsu ba ce. Ganyenta daga ƙasa yake miƙewa tsaye, mai tauri, bakinsa da tsini, gefensa na yanka, kuma farar jijiyarsa ba ta cika zama daidai tsakiya ba, takan karkata gefe ɗaya. A ƙarƙashin ƙasa tana da farar saiwa mai tsini da ke huda ƙafa. In ban da sabon toho bayan gobara, babu abin da dabba za ta samu a cikinta. Damin da aka cika da tofa nauyi ne ba ƙiba.

MASU YATSU

Waɗannan su ne ƙananan ciyayi da masu ragunan turke a Tireshbil suka fi saye, don rago ya fi son taushi. Dukansu kansu kamar ƙafar tsuntsu, amma darajarsu ba ɗaya ba.

Harkiya: yatsu sirara kamar zare, kara mai laushi da ke kwanciya, harshe na fata. Ita ce ta gaba wajen rago da doki.

Gude-gude: yatsu gajeru masu kauri, kowane ya ƙare da ɗan tsini tsirara wanda babu ƙwaya a kansa. Tana rarrafe, gefen ganyenta da 'yan gashi jefi-jefi. Abinci ce mai kyau.

Ƙafar fakara: yatsunta suna da gajeren gemu, 'ya'yan suna yin baƙi idan sun nuna. Tana da yawa a garin nan, dabbobi kuma suna sonta.

Kiri-kiri: gajeren ganye, doguwar igiya da ke bin ƙasa, yatsu sirara daga wuri ɗaya, harshe na gashi. Tana da kyau, sai dai a kakkaɓe ƙasar da ke biyo ta.

Tuji: gindinta a baje yake kamar an danne shi, fari-fari, ga taurin cirewa. Sau da yawa yatsa ɗaya yana zama ƙasa da sauran shi kaɗai. Tana ƙarama ana ci, da ta tsufa igiya ce.

Tumbin jaki: yawanci yatsu biyu, 'ya'yan zagayayyu a jere layi biyu kamar an jera kwabbai. Ganyen ba laifi, amma a guji wadda ta yi 'ya'ya a lokacin damshi, don idan suka yi fumfuna suna iya bugar da dabba. Tana da 'yar'uwa a inuwar gonakin kwakwar manja, mai yatsu biyu sirara dogaye da suka buɗe hagu da dama. Wannan dabba ba ta damu da ita ba.

Akwai kuma baƙuwa da ke shiga cikinsu, wato dangin aya-aya. Mirgina karan tsakanin yatsu biyu. Idan ka ji kusurwa uku kuma babu gaɓa, ba ciyawa ba ce ta gaskiya, amfaninta kaɗan ne.

NA BAKIN RUWA

Mutanenmu na Gaya da Tillaberi da 'yan'uwa na Mopti sun san darajar burgu. Karansa yana kwanciya a kan ruwa, cikinsa kamar soso, yana da zaƙi idan an tsotsa, 'ya'yansa kuma da dogon gemu. Roba 'yar'uwarsa ce, amma a tsaye take ƙyam, mai tsayi da tauri, 'ya'yanta ba gemu. Ƙaramarsu sabe, wadda ba ta da harshe ko kaɗan a wuya. Duk ukun abinci ne, burgu a gaba. Abin tsoro a nan shi ne inda aka yanko su. Ciyawar fadama takan ɗauko tsutsar hanta, ta bakin lambatu kuma tana ɗauke da dattin gari da baƙin mai. Shinshina gindin damin, ka duba ko akwai baƙin laka ko dodon koɗi a maƙale. Idan akwai, a bar wa mai shi kayansa.

ABIN DA ZA MU RIƘE WAJEN SAYE

1. Kada a yi cinikin biri a sama. A kwance dami a ga cikinsa, don abin da ke baya ba lallai shi ne a tsakiya ba.

2. A roƙi mai yanka ya riƙa haɗowa da tushe ɗaya da kai ɗaya na ciyawar da ya yanko. Wannan ba zai ci masa minti biyu ba.

3. A tambayi inda aka yanko, da kuma yaushe aka yanke filin na ƙarshe. A guji bakin kwalta da aka yi wa feshin maganin ciyawa, alamarsa rawaya da ƙonewar ganye.

4. Dabbar da ta sauka daga mota a fara mata da ruwa kaɗan-kaɗan da busasshen abinci, harawa ko ingirici. Ɗanyar ciyawa sai bayan ta huta, ita ma da kaɗan za a fara.

5. A riƙe mai yanka ɗaya ko biyu amintattu, a koya musu dawar rafi da hannu, a kuma biya su haƙƙinsu cikakke. Mafi yawansu ba algus suke nufi ba, rashin sani ne. Wanda aka matse wa farashi kuwa, duk abin da laujensa ya samu shi zai ɗauro.

6. Ciyawar da ta gagare mu ganewa, a ciro ta da saiwa da kai, a matse ta cikin takarda, a nuna wa likitan dabbobi. A jami'ar Kokodi ma akwai cibiyar tsirrai da marigayi Farfesa Laurent Aké Assi ya kafa, inda aka adana busassun tsirran ƙasar nan da sunayensu. Matambayi ba ya ɓata.

Muna kira ga manyanmu, iyayen gida da shugabannin dillalai, kowa ya ware rabin sa'a ya tara yaransa a bakin turke, a kwance dami ɗaya a bi shi kara-kara. Gani ya kori ji. Musamman a yi haka kafin cunkoson Babbar Salla, lokacin da ciyawa ke tsada, sababbin masu yanka ke cika gari, kowa kuma yana sauri. Sa ɗaya da ya faɗi yana iya tafiya da ribar mota guda, kuma sau da yawa dukiyar ma ba tamu ba ce, amana ce ta wani da ke can gida yana jiran saƙo.

Wanda ya san wani suna na ɗaya daga cikin ciyayin nan a garinsu, ko a bakin 'yan'uwanmu Fulani da Zabarmawa da Jula, ya kawo wa sakataren ƙungiya don mu haɗa su wuri ɗaya, amfanin na baya.

Allah ya tsare mana dukiyoyinmu da na mutane da ke hannunmu, ya sa albarka a kasuwa.